Waiwaye Kan Tarihin Karatun Littattafan Kimiyya na Yara a Jega da Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan malaman makaranta suka haɗu, ko a ɗakin hutu ko a taron ƙara wa juna ilmi, kukan da sukan yi shi ne yaran yanzu ba su buɗa littafin kimiyya sai jarrabawa ta gabato. Iyaye kuwa sukan ce littattafan sun yi tsada, kuma ko an daure an saya, ba su san abin da ke ciki ba balle su taimaka. Su yaran ba a cika tambayarsu ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan al'amari tun daga tushe, a ga irin littattafan sanin halitta da suka riƙa zuwa hannun yaro a wannan yanki na ƙasar Gwandu, da harshen da aka rubuta su, da yadda ɗalibi da uba da malami suka karɓe su a kowane zamani. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ɗabi'ar karatu takan bi irin littafin da aka samar. A lokacin da littafi ya zo da harshen gida da siffar labari an karanta shi har a zaure, da ya koma baƙon harshe da siffar jarrabawa sai aka koma hadda.

2.0 Garuruwan da Ake Magana a Kai

Jega da Aliero da Maiyama suna jere ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta nufi Koko da Yawuri. Dukansu suna cikin masarautar Gwandu. A da suna Lardin Sakkwato, sa'an nan Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da Jihar Sakkwato a 1976, har aka ƙirƙiro Jihar Kabi ran 27 ga Agusta 1991. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820 a bakin gulbin Zamfara, ta shahara da kasuwa tun ƙarni na 19. Aliero an san ta da albasa da kuma gwanayen ɗori waɗanda ake kawo musu masu karaya daga nesa. Maiyama ƙasar noma ce da kiwo. Wato yaron da ya tashi a nan ya buɗe ido ne cikin fadama da rumbun albasa da karan ɗori da ma'aunin kasuwa, waɗanda kowannensu darasin kimiyya ne tun kafin a kai ga littafi.

3.0 Kafin Zuwan Boko

Kuskure ne a ɗauka cewa rubutu a kan halitta ya fara da zuwan Turawa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, ya wallafa Masalihul Insani, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi da dama kan magani, har da wanda ya keɓe ga ciwon ido da wanda ya keɓe ga basur. Kafin su, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hisabi da hatimai. Amma fa waɗannan duka da Larabci suke, kuma na manyan almajirai ne waɗanda suka sauke Alƙur'ani suka shiga makarantar ilmi.

Abin da ya kai ga yaro ta baki ya zo masa. Akwai waƙoƙin ajami na taurari waɗanda suka jera manzilolin nan 28, kowace da kwana 13 in ban da guda mai 14, wanda ya cika kwana 365 na shekarar rana. Da wannan lissafi malamai kan gaya wa manoma lokacin shuka da lokacin ɗaukewar ruwa. A dandali kuma yaro ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba. Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan zamani, domin za su sake ɓullowa a gaba. Na farko, karatu a wurin mutanen nan abu ne da ake yi da murya a gaban malami, a ji, a maimaita, a haddace. Na biyu, littafi abu ne mai alfarma, ana adana shi cikin gafaka, ba a barin yaro ya yi ta juya shi yadda ya ga dama.

4.0 Zamanin En'e da Littafin Ikon Allah

Makarantun boko na farko a Arewa, tun daga wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa suka riƙa koyarwa a azuzuwan farko. Haka makarantun elementare na En'e ta Gwandu suka gada: karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da tsabta da aikin lambu, duk da Hausa. Turanci sai yaro ya matsa gaba. A wannan lokaci ne Gwandu ta sami Sarki Yahaya (1938 zuwa 1954), wanda yana cikin sarakunan farko da suka yi ilmin boko. Babbar matsalar malamin elementare ita ce rashin abin da zai ba yaro ya karanta bayan ya iya haɗa baƙi da wasali. Don magance wannan aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ita kuma ta fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga 1937.

Bayan an ga yadda yara suka rungumi littattafan hira, sai East da Imam suka juya ga sanin halitta, suka rubuta Ikon Allah, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1940 daga Kamfanin Gaskiya. Littafin yana bayani ne kan halitta iri-iri ta cikin duniya, da Hausa mai sauƙi irin ta mai ba da labari. Ya kamata a tsaya a dubi sunan da suka zaɓa. A lokacin iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da boko, suna tsoron kada ta raba 'ya'yansu da addini, har wasu sukan ɓoye yaro idan an zo ɗibar 'yan makaranta. Da marubutan sun sa wa littafin wani suna na baƙo, da uba ya gan shi a matsayin kayan Nasara. To, sai suka ɗauko kalmar da Bahaushe ke furtawa duk sa'ad da ya ga abin mamaki, ko ɗan maraƙi mai kai biyu ko jirgin sama. Da wannan suna binciken halitta ya shiga cikin abin da addini ya yi umurni da shi, wato tunani a kan ayoyin Ubangiji. Uban da bai iya boko ba yana iya zama ɗansa ya karanta masa, ya ji, ya gyaɗa kai, ya ƙara da nasa sanin. A nan littafi ɗaya ya gamsar da mutum uku: yaro ya sami labari, malami ya sami darasi, uba ya sami natsuwa.

5.0 Daga Yaƙi da Jahilci Zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, ta kuma kafa hukumar NORLA don samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Hukumar ta buga ƙananan littattafai masu arha kan kiwon lafiya da noma da sana'o'i, da jaridun larduna, ciki har da Zaruma ta Lardin Sakkwato. Muhimmancin wannan ga tarihinmu shi ne, a karo na farko an sami magidanta a garuruwa da ƙauyuka waɗanda su da kansu suke karanta boko da Hausa. Ɗan ƙaramin littafin da uba ya sayo don kansa, ɗansa ma yakan ɗauka. NORLA ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 1959, sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya da haɗin gwiwar Macmillan, ya ci gaba da sake buga tsofaffin littattafai da fitar da sababbi.

Cikin sababbin akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata. Labari ne na wani yaro, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zaga da shi. Ƙagaggen labari ne, amma ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar zancen sararin samaniya ba tare da ta yi tuntuɓe ba, kuma yaro Bahaushe yana iya zama shi ne tauraron irin wannan labari. Abin takaici shi ne hanyar da Dembo ya share ba ta sami mabiya da yawa ba.

6.0 Ilmin Firamare Kyauta da Juyawa Zuwa Turanci

A watan Satumba na 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Makarantu suka yaɗu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, yara suka yi yawa fiye da malamai da littattafai. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa a shekarun farko na firamare, sa'an nan a koma Turanci. A takarda wannan ya yi daidai da abin da aka gada. A aikace kuwa, littattafan kimiyya na firamare da na ƙaramar sakandare da manyan kamfanoni suka baza a kasuwa da Turanci aka rubuta su, domin bugu ɗaya ya wadaci ƙasa baki ɗaya, jarrabawa kuma da Turanci ake yin ta.

An yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa cikin shekarun 1970. A Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara dukan darussa in ban da Turanci, har da kimiyya da lissafi, da Yarbanci shekara shida, aka kuma tarar ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. A shekarun 1980 an wallafa jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. Sai dai jerin kalmomi ba shi ne littafin da yaro zai kwanta da shi ba. Kafin a mai da waɗannan kalmomi labari, tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, darajar naira ta faɗi daga 1986, takarda ta yi tsada, sayen littafin da ba a wajabta ba ya zama sai mai hali.

Wani abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci ne adabin kasuwar Kano ya kunno kai. Matasa, musamman 'yan mata da matan aure, suka riƙa saye da haya da aron littattafan soyayya, ana bi da su kasuwa-kasuwa a faɗin ƙasar Hausa. Wannan shaida ce cewa sha'awar karatu ba ta mutu ba. Mutanen da aka ce ba su son karatu su ne suke cinye littafi a dare ɗaya idan ya zo da harshensu, da farashin da suke iyawa, da labarin da ya ja su. Kimiyya ce ba ta sami marubutan da za su kai ta wannan kasuwa ba.

7.0 Zaɓin Ɗalibi da na Uba da na Malami

Daga wannan tarihi ana iya fahimtar abin da ya sa mutanen nan uku suke duban littafi ɗaya da ido daban-daban. Yaro ƙarami abin da ke jansa shi ne hoto da labari da abin da ya sani a gida, musamman dabbobi da tsuntsaye da sararin sama. Idan ya kai aji huɗu aka miƙa masa littafin da ba ya gane jimlolinsa, sai ya koma ga dabarar da ya gada daga makarantar allo, ya haddace. Hadda kuwa ta dace da nassin da ba a son a canja masa ko wasali ɗaya, amma kimiyya tambaya take so da gwaji da gardama. Yaron da ya haddace ma'anar narkewa da daskarewa da Turanci yana iya kasa danganta su da man shanun da ke narkewa a kan tuwonsa.

Uba, wanda shi ke fitar da kuɗi, yakan sayi abin da makaranta ta rubuta a takarda ne kawai, ya fi kuma son littafi mai ƙwari wanda ƙanne za su gada. Idan da rarar kuɗi, littafin addini ne ke gaba, domin shi ya san darajarsa, yana kuma iya duba abin da ke ciki. Littafin kimiyya na Turanci ya fitar da shi daga cikin karatun ɗansa, ya mai da shi mai biya kurum. Uwa kuwa, wadda ita ce ma'ajiyar tatsuniya da kacici-kacici, ba a ma sa ta a lissafi ba.

Malami shi kuma manhaja da jarrabawa ne suka ɗaure shi. Littafin da ya fi so shi ne wanda ya bi manhaja babi-babi, mai taƙaitaccen bayani da tambayoyin baya. Sau da yawa kwafi ɗaya ne a aji, yana hannunsa, ya kwafa a allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa a littafin rubutu. Wato ainihin darasin da Hausa ake yinsa, amma wannan Hausar a iska take tafiya, ba ta shiga takarda balle yaro ya koma gida da ita. Inda aka sami ɗakin karatu kuma, akan kulle littattafan a kabad don tsoron kada su yage, wanda wannan ma gadon gafaka ne.

Shirye-shiryen baya-bayan nan, irin su Mu Karanta a jihohin Sakkwato da Bauci da RANA wanda ya fara a Katsina da Zamfara, sun mai da hankali kan koya wa yaran aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, sun kuma samar da littattafai masu hoto. Sun gyara matakin farko na tsani. Tambayar da ta rage ita ce tsohuwar tambayar malamin elementare: bayan yaro ya iya karatu, me zai karanta? A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan da komawa Turanci. Ko wace manufa ce ke aiki a aji, ba ta hana a rubuta littafin da za a karanta a gida.

8.0 Matsalar Kalmomi

Akan ce Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Gaskiyar da ke cikin wannan magana ita ce wasu kalmominmu suna ɗauke da kaya da yawa. Iska tana nufin abin da muke shaƙa, da wadda ke kaɗawa, da mutanen ɓoye. Zafi yana nufin na wuta da na ciwo da ma'aunin ɗumin jiki. Nauyi da ƙarfi kowannensu ya haɗa ma'anoni biyu ko uku waɗanda masanin kimiyya ke rarrabewa. Amma haka kowane harshe ya fara, masana ne suka keɓe kalmomin yau da kullum suka tsuke ma'anarsu. Hausa ta riga ta yi haka da ƙwayar cuta da rigakafi da makamashi da sinadari, rediyo ya baza su har sun zauna. Kalma ba ta zauna don kwamiti ya amince da ita, sai an yi ta jin ta cikin zance mai daɗi.

Kayan rubutun kuwa ga su a ƙofar gida. Ruwan zoɓo yakan ƙara ja idan an matsa masa lemun tsami, ya juye ya yi duhu idan an jefa masa kanwa, wanda shi ne gwajin da ake yi a ɗakin bincike da takarda mai canja launi. Jigo darasi ne kan yadda doguwar sanda ke sauƙaƙa ɗaga kaya. Hawayen mai yankan albasa yana da dalili, wato wani tururi mai sinadarin farar wuta da ke tashi idan an yanka ta. Rumbun albasa na kara yana koyar da amfanin iska wajen hana ruɓa. Majemi da bagaruwarsa, da maɗori da karansa, kowannensu babi ne.

9.0 Kammalawa

A 2006 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kabi a Aliero, wadda daga baya aka raɗa mata sunan Abdullahi Fodiyo. A Jega kuma akwai kwalejin koyon aikin lafiya. A wannan shekara ta 2006, ran 29 ga Maris, aka yi husufin rana wanda ya ratsa arewa maso yammacin Nijeriya, yara suka ga gari ya dushe da hantsi, suka yi tambaya. A farkon 2025 cutar sanƙarau ta ɓarke a Gwandu da Jega da Aliero, aka yi asarar rayuka. Yadda cuta ke yaɗuwa a ɗaki mai cunkoso lokacin zafi, da dalilin yin allurar rigakafi, abubuwa ne da ɗan shekara goma zai gane sarai idan an gaya masa da harshensa, ya kuma kai gida ya karanta wa uwarsa.

Saboda haka nauyin yana kan masu karanta wannan mujalla. Malaman Hausa suna da harshe, malaman kimiyya na Aliero da Jega suna da ilmin, malaman firamare na Maiyama da ƙauyukanta sun san yaran. Ikon Allah ma mutum biyu ne suka haɗu suka rubuta shi, kowa ya kawo abin da ya iya. Abin da ake bukata shi ne ƙananan littattafai masu hoto da arha, waɗanda za a gwada a aji kafin a buga, a sayar a kasuwar Jega kusa da littattafan addini da na hira, a kuma bar yara su tafi da su gida ko da za su yage. Ɗaliban manyan digiri kuma suna da fili a nan, domin tattara sunayen tsirrai da kifaye da taurari da cututtuka daga bakin manoma da masunta da maɗora na wannan yanki aiki ne da ya kamata a yi tun tsofaffin da suka san su suna raye.